Rumbun Gidanmu: Yadda Tsohuwar Laftof Ta Zama Ma'ajiyar Gida Guda a Gusau

A farkon watan Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Mu da ke cikin Gusau mun yi kusan wata guda ba kira ba intanet, wasu ƙananan hukumomin ma sun fi mu daɗewa. Mai uzurin da ya zama dole sai ya shiga mota ya fita jihar, ya yi wayarsa ya dawo.

A cikin wannan watan na gane cewa yawancin abin da mutanen gidanmu ke ɗauka yana cikin wayarsu ba ya ciki. Ƙanwata tana shirin jarrabawa, takardun karatunta suna cikin zauren WhatsApp na ajinsu, ba ta taɓa sauke su ba. Baba ya saba bayan isha'i a kunna masa tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi daga YouTube, sai ga shi shiru. Su kuwa samari, bidiyo guda ne ke yawo a wayoyi shida ta Xender, kowa yana kukan memori ya cika. Wani dare na lura rautar da ke ɗakina, na'urar da ke raba Wi-Fi, tana nan a kunne, wayoyi suna kama ta kamar kullum, intanet ne kawai babu. Hanya tana nan ke nan a cikin gida, kayan da za a ɗauko ne ba mu tanada ba.

Gidanmu a Tudun Wada yake, sassa uku: na Baba da Inna, na Yaya da iyalinsa, sai nawa, ga ɗakin samari a gefen zaure. Mu goma sha bakwai ne, wayoyi goma sha ɗaya, talabijin biyu. Ni aikina buga takardu da gyaran kwamfuta a wani shago, don haka da na kawo maganar a kafa uwar garke a gida, wato kwamfuta guda da za ta riƙe fayilolin kowa ta raba wa wayoyi ta rauta, ba wanda ya yi mamaki. Ba wanda kuma ya fahimta. Sai da na ce wa Baba kamar rumbu ne, kowa ya zuba, kowa ya ɗiba. Sunan da ya bi ta ke nan har yau.

Yaya ya ce zai sayi faifan ajiya, had-dis, sauran kuwa in nemo a cikin tarkacena.

Wuta ce ta zaɓar mana na'ura

Na fara da wata tsohuwar kwamfutar tebur da wani ya bari a shago bai dawo ba. Ta yi kwana huɗu. Solarmu ƙarama ce, batir ɗaya mai bolt 12 da amfiya 200. A lissafi wat-awa 2,400 ke nan, amma irin wannan batir in kana son ya yi ƙarko ba ka shan fiye da rabinsa, saura 1,200. Kwamfutar tebur tana jan wat 60 ko fiye ko ba ta aikin komai. Awa goma sha biyu na dare ya kama 720, ban da abin da inbata ke ci da kansa. Ƙarfe uku na dare inbata ya fara kuka, fankar Inna ta tsaya. Da safe ba sai an ce min komai ba.

Na yi tunanin Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan da ba ta fi tafin hannu ba, wadda cinta bai wuce wat biyar zuwa bakwai ba. Sai dai a 2021 da 2022 ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya, farashinta ya tashi, ga shi sai an yi odarta daga Legas ko waje. Abin da ya rage shi ne laftof ɗina ta makaranta, Core i3 'yar wajejen 2012, mai RAM giga 4, wadda murfinta ya karye har sai an jingina shi da littafi. Da tsohuwar zuma ake magani. In fuskarta a kashe take, ita da faifan suna jan wat goma zuwa goma sha biyu, dare guda bai kai wat-awa 150 ba. Kuma tana da abin da sauran ba su da shi: batirinta. In an ɗauke wuta ko ana sauya layi zuwa inbata, ba ta ko ƙyaftawa. Faifan ajiya ba abin da ya tsana kamar a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu.

Na cire faifan cikinta na sa ƙaramin SSD, wato ma'aji mai sauri, mai giga 120, na ɗora OpenMediaVault. Manhaja ce ta kyauta da aka gina kan Debian, wani nau'in tsarin Linux, kuma abin da ya sa na zaɓe ta shi ne ana sarrafa ta daga burauza, ko ta waya. Akwai wani layi a fayil ɗin logind.conf da ake mayarwa HandleLidSwitch=ignore don kar ta yi barci in an rufe murfi. Na kafe mata lamba ɗaya a rauta don kar adireshinta ya riƙa sauyawa, na haɗa ta da rautar da kebul. Kar a yi wannan da Wi-Fi, ja ne kawai za a sha. Ƙofar kebul ɗinta mai megabit 100 ce, wato kimanin mega 11 a daƙiƙa. A takarda kamar kaɗan ne, amma fim mai kyawun hoto bai cika neman fiye da mega ɗaya a daƙiƙa ba, don haka mutum biyar na kallo ba wanda ya san da wani.

Faifan farko da Yaya ya sayo a kasuwa, tera 2, a cikin kwali yake da leda, an ce masa sabo ne dal. Kowane faifai yana riƙe tarihin kansa a wani tsari da ake kira SMART, kuma OpenMediaVault tana nuna shi. Lamba ta 9 tana faɗin awannin da faifan ya yi a kunne, ta 5 tana faɗin gurabun da suka lalace aka sauya su. Namu ya nuna sama da awa dubu ashirin, fiye da shekara biyu ke nan ba hutu. Kwali ne sabo. Muka koma da laftof ɗin Yaya na nuna wa mai shagon, ya rantse shi ma haka aka kawo masa, kuma na yarda da shi. Ya karɓa, muka cika kuɗi ya ba mu wani, na gwada a gabansa kafin mu tashi. Yaya yana ta mita a hanya, wai araha ba ta ado, kamar ni na aike shi. Da muka jona ya ga an rubuta 1.8 maimakon 2 ya ce an sake cutarmu. Wannan kam ba cuta ba ce: masu ƙera faifai suna ƙirga da dubu, kwamfuta tana ƙirga da 1,024.

Ban da faifan, abin da aka saya shi ne SSD, kebul mai tsawon mita arba'in, tsohuwar rauta ta biyu don sashen Yaya saboda bangon bulo yana cinye Wi-Fi, da ɗan batirin nan mai bolt 12 da ke riƙe rauta in wuta ta tafi. Faifan shi kaɗai ya ci fiye da rabin kuɗin, kuma duka bai kai kuɗin matsakaiciyar sabuwar waya ba.

Kallo da saurare

Don raba fayiloli na kunna Samba, wanda ke sa folda ta bayyana a Windows da Android kamar tana cikin na'urar. Don kallo na sa Jellyfin. Plex ya fi shi suna, amma yana son a shiga asusu ta intanet, mu kuma rashin intanet ne ya kawo mu nan. Jellyfin kyauta ne, an samo shi daga wata manhajar kallo mai suna Emby a 2018, kuma ana buɗe shi da adireshin rumbu a ƙara 8096 a ƙarshe.

Ya ba mu dariya a makon farko. Yana duba sunan fayil ne ya je rumbunan bayanan finafinai na waje ya ɗauko hoton da ya ga ya yi kama. Finafinan Hausa da yawa ba sa can. Sai ga wa'azin wani malami an manna masa hoton fim ɗin Koriya, mace da namiji riƙe da lema. Allah ya sa ɗan Yaya ne ya fara gani ba Baba ba. Maganinsa shi ne a ce masa foldar bidiyon gida ce, ya daina nemo mata ado.

Matsala ta gaske ta zo da bazara. In waya ko talabijin ba ta gane tsarin bidiyo, Jellyfin yana sauya shi nan take, kuma wannan aiki ne mai nauyi. Sababbin bidiyoyi da yawa a tsarin H.265 suke, tsohuwar laftof ba ta da sashen da ke warware shi, sai ta yi da ƙarfin tuwo. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gusau ke haura 40, fankarta ta riƙa ƙara kamar injin markaɗe, zafin faifan ya kai digiri 52. A kan wadurof na ɗora ta, dab da kwano, wautar da ban da uzuri a kanta. Na kashe sauyin gaba ɗaya, na sa wa kowa VLC, wanda ke buɗe foldar Samba kai tsaye ya kunna kusan komai da ƙarfin wayar. Ita kuma laftof na mayar da ita tsohon ɗakin ƙasa na sashen Baba, mai rufin azara, na ɗora ta kan bulo biyu don iska ta bi ta ƙasa. Zafin faifan ya sauko da kusan goma. Da hunturu ƙura ce, duk wata sai na hura mata iska. Kiyashi ya taɓa yin gida a ƙarƙashin madannanta, ɓera ya taɓa cin kebul.

Na sa mata umarnin ta kashe kanta in batirinta ya sauka zuwa kashi goma sha biyar. Sai dai ba ta iya tashi da kanta in wuta ta dawo, sai an danna. Inna ce kullum a gida, don haka na ɗiga jan farce a kan maɓallin. Yanzu in jikoki sun ce rumbu ya mutu, ita ke tashi ta je ta danna, tana faɗan cewa an mayar da ita injiniya ba albashi.

Na ƙara Kiwix, mai ba da damar karanta Wikipedia ba intanet, har da ta Hausa, na zuba tsofaffin tambayoyin JAMB da WAEC. A kan finafinan Hausa mun yi gardama da samari. Ni ra'ayina abin da masu shi suka saki kyauta, ko wanda muka saya, shi za a zuba. Masana'antar ta sha wuya a hannun masu kwafa, ba na son gidanmu ya zama wani shagon tura-tura. Ba zan ce ana bin wannan doka sau da ƙafa ba.

Ranar da hotunan biki suka ɓace

Duk abin da na faɗa zuwa nan, mai haƙuri zai warware shi cikin mako biyu. Abin da ya kusa rushe aikin daga wajena ya fito. Saboda ina son mutane su saba, folda guda na buɗe, ba kalmar sirri, kowa na iya zubawa, kowa na iya sharewa.

Bayan bikin ƙanwata mai hoto ya kawo hotuna da bidiyo a filash, na zuba a rumbu a folda mai suna Biki. Filash ɗin kuma aka ci gaba da aiki da shi a shago, aka goge, aka sake gogewa. Bayan wata uku ɗan Yaya, mai shekara goma sha biyu, yana wasa da wayar uwarsa ta ce masa memori ya cika. Ya buɗe manhajar fayiloli, ya ga folda mafi girma, ya share. A idonsa cikin wayar take. Ba abin da ya nuna masa cewa wannan foldar tana can ɗakin kakansa.

Amarya ce ta gano, ta zo gida yini tana son nuna wa ƙawarta hotunan kamu. Ta leƙo ɗakina ta ce, "Yaya, ina hotunan sunka tafi?" Na ce suna nan mana. Na duba. Na sake dubawa.

A shafin da ake buɗe folda a OpenMediaVault akwai wani ɗan akwati da ake yi wa alama don a kunna kwandon shara, ta yadda abin da aka share zai koma gefe ya jira. Ban yi masa alama ba. Na kira mai hoton, ya ce ba ya ajiye aiki fiye da wata guda.

Abu ɗaya na yi daidai: nan take na cire faifan. Share fayil ba ya goge shi daga faifai, wurinsa kawai ake cewa ya zama fili, sai an rubuta wani abu a kai yake tafiya. Na ari faifai a shago, na kunna PhotoRec, wata manhajar kyauta da ke bin faifai lungu-lungu tana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto. Ta kwana biyu tana aiki. Ta dawo da dubban fayiloli ba suna ba folda, f0483712.jpg da ire-irensa, hotunan biki a cakuɗe da na suna, da na takardun makaranta, da duk abin da wani ya taɓa sharewa. Abin da ya cece ni shi ne kyamara tana binne ranar ɗauka a cikin hoton, da shi na tace na kwanakin bikin. Yawancin hotunan sun dawo. Bidiyon ɗaurin aure ya dawo rabi, yana kaiwa inda liman ya fara addu'a sai ya daskare. Har yau ƙanwata ba ta sake tayar da maganar ba, kuma na fi son da ta yi faɗa.

Yaya ya ɗauko bulala, Baba ya hana. Ya ce yaro ya ga ƙofa a buɗe ya shiga. Sannan ya juyo gare ni: "Kai kac ce rumbu ne. To wane rumbu ne ba shi da marfi? Kuma in gobara ta tashi wanga ɗaki, ina hatsin za shi?" Ban da amsar ko ɗaya.

Zaure, tsakar gida, ɗaki

Da na zauna sake tsari sai na ga ba sai na ƙirƙiro komai ba, gidan da kansa ya nuna yadda za a yi. Na raba rumbun uku. Zaure folda ce da kowa ke iya ajiye abu, ni kuma duk mako in duba in kai kowanne mazauninsa. Tsakar gida ta kowa ce a gani a saurara, amma ni da Yaya kaɗai ke iya taɓawa. Nan karatu yake da finafinai da hotunan taro. Sai ɗakuna, kowane babba da nasa, da sunansa da kalmar sirrinsa. Kwandon shara yana riƙe abu kwana talatin.

Matar Yaya ce ta ƙi. Na je sashensu zan saita mata Syncthing, manhajar da ke kwashe hotunan waya ta kai rumbu da kanta duk lokacin da aka shigo gida, tana tankaɗe ta ce in dakata.

"Malam, wanga ɗaki da kac ce nawa ne, kai mai makulli kana ganin ciki?"

Na so in kewaye. Gaskiyar ita ce mai kula da uwar garke yana iya buɗe kowace folda in ya ga dama, kalmar sirri sauran mutane take tarewa. Na faɗa mata haka.

"To ai rumfa ce ka yi min," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Tana da gaskiya. A wayar mace akwai hotunan ƙunshi da kitso, nata da na ƙawayenta, ba lulluɓi, waɗanda aka tura mata bisa amana. Ƙanin miji ba shi da hurumi a wurin, ko da ya rantse ba zai duba ba. Na nuna mata ana iya kulle fayiloli da 7-Zip kafin a tura, ta yadda ko ni ba zan iya buɗewa ba, amma in ta manta kalmar shi ke nan, ba mai ceto. Ta ce a bar shi. Hotunan 'ya'yanta da takardun makarantarsu tana zubawa da hannunta, sauran suna cikin katin memori a adakarta. Matata da ta ji labari ita ma ta ce in cire mata Syncthing, ko da yake ni ne mijin. Hotunan ƙawayenta ne, ba nata ba. Na cire. Samari biyu ma ba su taɓa buɗe ɗakunansu ba, ban kuma tambayi dalili ba.

Tambayar Baba ta biyu ta ci kuɗi. Wani abokina ya ce in haɗa faifai biyu su riƙa kwafar juna nan take, abin da ake kira RAID 1. Da haka muka yi tun farko, da foldar Biki ta ɓace a duka biyun cikin daƙiƙa guda, kuma tsawa ko ɓarawo ba sa ɗaukar ɗaya su bar ɗaya. Masu harkar suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya a wajen gida. Mu ba mu kai nan ba. Bayan wata biyu Yaya ya sayi faifai na biyu, tera 1, wanda ke ɗaukar abin da ba a iya sake samu kawai: hotuna, takardun fili da na gado da muka ɗauka a sikana, satifiket, da muryar kakarmu da wani ya naɗa tana ba da tarihin zuwan gidanmu Gusau kafin ta rasu. Fim in ya ɓace a sake nemo shi. Faifan yana zaune a durowar shagon Yaya a kasuwa. Ranar Juma'a yakan zo da shi a aljihu, in jona, manhajar rsync ta kwafi abin da ya ƙaru kafin a sauko daga masallaci, kuma na hana ta share komai a can ko da an share a nan. Sau ɗaya a wata nakan buɗe hotuna uku ko huɗu daga cikinsa in tabbatar suna buɗuwa.

Ba kowace Juma'a yake tunawa ba. An taɓa yin mako biyar.

Yanzu batirin laftof ɗin ya fara kumbura saboda zama kan caji dare da rana, har ya ɗaga madannan gefen hagu, kuma samun irinsa a Gusau sai an sa cigiya. Babban faifan ya haura kashi tamanin cikin ɗari. Samari suna cewa a rage tafsiri tunda wasu surorin malamai uku ne suka maimaita, Baba ya ce a fara da ƙwallo. Na ce wa Yaya faifai mai tera 4 zai kashe gardamar, ya ce in bari a sayar da waken suya tukuna.